Tulun da Ke Gindin Darbejiya

Shekara ashirin da biyu Malam Bala yana dillancin shanu a Maiduguri, kuma a duk tsawon nan bai taɓa bi ta ƙofar fada ba. In hanya ta kai shi Dandal, filin da ke gaban fadar, sai ya yi kwana, ya ce rana ta yi zafi. Abokansa na Kasuwar Shanu sun ɗauka tsoron dogarai ne, ya bar su a haka.

Sai ga Malam Ya'akubu ya sauka daga jirgin ƙasan Kano, ya zo nema wa ɗansa auren Lauratu, 'yar Malam Bala ɗaya tilo. Mutum ne mai bin diddigi, irin wanda ko akuya zai saya sai ya tambayi halin uwarta. Magana ta kusa ƙulluwa, sai ya ce ba zai koma ba sai ya ga fada da lambunta. Baƙonka annabinka. Malam Bala ya sa babbar riga, ba don yana so ba.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, yana saurayi ya karya hannun wani da sanda a bakin rijiya, aka ɗaure shi shekara guda. Aikinsa a lokacin shi ne ban ruwa a lambun nan. Ya san in baƙon ya ji kalmar fursuna, auren Lauratu ya sha ruwa.

Suka tuɓe takalma a zaure. Wanda aka haɗa su da shi tsoho ne mai sanda, da tsage a kumatu.

"Wushe, wushe, sannunku da zuwa. Ni ne Ba Umara," in ji shi, da Hausarsa mai ƙamshin Barbarci.

Malam Bala ya sunkuyar da kai. Ai ko a mafarki ya san muryar nan. Wannan ne dogarin da ke tsaron su, sai dai gemun ya yi fari.

Ba Umara ya zaga da su. Ya nuna musu jan bulon bango, da agogon da ke saman ƙofa, da wurin da ake zaman fadanci. Malam Ya'akubu yana ta tambaya, har da yawan ginshiƙai. Malam Bala kuwa yana biye da su a baya, yana kau da fuska.

Da suka shiga lambu sanyi ya buge su. Ga mangwaro, ga lemo, ga darbejiya jere sun haɗe kai. Malam Bala ya tuna su suna tsirrai, ba su kai gwiwa ba. Yanzu mutum biyu ba sa rungume ɗaya. Abin ya ba shi tausayin kansa, ya kuma ba shi wani daɗi da bai san inda zai ajiye ba.

Tsohon ya tsaya gindin mafi girma, ya share ganye da sandarsa. Sai ga bakin tsohon tulu, saiwa ta naɗe shi.

"Ka gani, Malam? Yashin garin nan ba ya riƙe ruwa. Sau uku ana dasawa suna mutuwa. Sai wani ya huda gindin tulu, ya binne kusa da kowane tsiro, yana cikawa safe da yamma. Haka suka rayu."

"Ikon Allah! Wane ne mai wannan dabara?" in ji Malam Ya'akubu.

Ba Umara ya ɗago ya dubi Malam Bala ido cikin ido. Ya gane shi sarai, watakila tun daga zaure. Sai ya mai da kallonsa ga tulun.

"Tsufa, Malam. Sunan ya ɓace mini."

Malam Ya'akubu ya ɗaga hannu. "To, Allah ya ji ƙansa. Wannan ai sadaka ce mai gudana."

An rufa wa Malam Bala asiri, ba abin da ya rage sai ya ce amin su wuce. Amma amin ɗin ta ƙi fita. Ana yi masa addu'ar matattu a gindin aikin da ya fi kowane kyau a rayuwarsa, shi kuma yana tsaye kamar ɓarawo.

"Bai mutu ba," in ji Malam Bala. "Ni ne. Ba kuma aikin lada na zo yi ba, ɗaurarre ne ni a lokacin. Hannun mutum na karya."

Ba Umara ya shiga gyara hularsa da ba ta karkace ba. Malam Ya'akubu ya tsuguna, ya shafa bakin tulun.

"Daga ina kake ɗebo ruwan?"

"Daga rijiyar bayan ganuwa. Sawu arba'in a rana."

"Lauratu ta sani?"

"Ba ta sani ba."

Malam Ya'akubu ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwarsa.

"To, ka kawo ta ta gani kafin mu ɗauke ta zuwa Kano. Bai kamata in riga ta sanin ubanta ba."