Mi Kuke Gani?

Ran da Malama Murja ta fara koyarwa a wata firamare da ke wajen Dudunni, ta nuna taga ta ce wa 'yan aji uku, "Mi kuke gani?" Yara suka haɗa baki suka ce, "Mi kuke gani." Ta ce a'a, tambaya ce. Suka ce a'a, tambaya ce. Ba rashin kunya ba ne, haka aka saba musu: malam ya faɗa, su yi amshi kamar waƙar daɓe. Da ƙwalla ta koma gida Kankia ranar.

Sai ta kwashe su daga aji, suka koma gonar geron da ke bayan makaranta. Hedimasta Malam Gidaɗo kuwa da kunne yake auna karatu. Ajin da bai jiyo ihunsa daga ofis ba, to barci ake. Ya gaya mata in aka yanke geron nan bai ga abin kirki ba, zai nemi a canza ta. Abin ya tsorata ta, don ta riga ta ƙwallafa rai a kan yaran.

Gero ya yi kai, ya fara nuna. Wata rana da hantsi ya yi nisa, yaran na kwance rubda ciki a kunyoyi, iska na kaɗa zangarku a hankali, inuwar girgije na rarrafawa a bayansu, sai ga Malam Gidaɗo ya zo ganin barcin da idonsa.

Zuliha, wata 'yar firit da ba a taɓa jin muryarta ita kaɗai ba, ta ɗago kai daga cikin waken da aka shuka a gindin gero.

"Malama, mi ya sa ganyen wake ke juya ma rana gefe in ta yi zafi?"

Murja ta kasa kunne, tana jiran amshi. Ba yaron da ya maimaita. Can wani ya ce ƙishi ne, wata ta ce kunya yake ji, aka fara musu ƙasa-ƙasa.

Malam Gidaɗo, wanda tun yana yaro yake noman wake, ya tattare riga ya tsuguna. Ya daɗe yana kallon ganyen. Murja ta ji shi yana faɗa a hankali, shi kaɗai mai amshi a duk gonar: "Mi ya sa ganyen wake ke juya ma rana gefe."