Abin da Jar Saniya ke Nema

Me ke sa saniya ta tsallake ɗanyar ciyawa, ta ɗauki ƙashin 'yar'uwarta tana tauna? Chindo ya daɗe yana juya wannan tambaya, bai gano kanta ba.

Shanu tara gare shi kafin farin shekarar tamanin da huɗu. Takwas sun mutu a bayan gari, gefen hanyar Badaguishiri, rana ta busar da ƙasusuwansu. Jar saniya kaɗai ta rage masa, ga ta da ciki wata shida. Ruwa ya dawo, ciyawa ta fito, amma ita sai ramewa take yi. In ta kwanta sai an ɗaga ta, in ta tashi sai ta ɗingisa zuwa wurin ƙasusuwan.

Ran kasuwa Mahamudu, likitan dabbobi, ya iso daga Illela bisa ɗan babur ɗinsa mobilet. Ya lalubi haƙarƙarinta, ya share zufa.

"Baba Chindo, ba sammu ba ne. Wani gishiri ne ya ƙare mata a jiki, fosfat muke ce mishi. Ƙasarku ta gaji, ciyawar ba ta da shi."

"Cikinta cike da ciyawa, kai kana ce mini gishiri?"

"Ciyawa itacen wuta ce kawai, Baba. Wanga abu shi ka ɗaukar wutar ya kai ga kowace tsoka. Ɗan cikinta ma, zaren da ke ɗauke da kamannin uwa da uba, da shi ake ɗinka shi. Ɗan na ja, ita tana ƙarewa."

"To, yi mata allura."

"Wata uku ke nan ba mu da ko kwalba guda. Tara ƙashi ka ƙona har ya yi fari, ka daka, ka riƙa barbaɗa mata cikin dusa. Ɗanyen kuwa yana iya kashe ta."

"Ɗana, uwarta na cikin ƙasusuwan nan. Ni in daka mata uwarta? Ba ni yi."

Mahamudu bai yi gardama ba. Ya harba mobilet sau uku kafin ta tashi.

Chindo ya ɗaure saniyar a gindin aduwa, ya zauna yana kallonta. Dabba ba ta da zunubi, wannan ya sani. To in shi ya miƙa mata da hannunsa, laifin a wuyan wa? In kuma ya hana, ya kashe rai biyu ke nan don kunyar matacciya.

"Malam," in ji matarsa Delu, "kai kana ta shari'a, ita tana ta mutuwa. Ni dai kada a taɓa mini turmin hura. Ga fasasshen can bayan rumbu."

Kwana uku bayan haka saniyar ta kwanta. Maza huɗu suka kama ta, ƙafafunta suka ƙi tsayawa. Suka sake ta, suka yi masa sannu, suka koma gonakinsu.

Chindo ya ɗauki buhu ya nufi bayan gari. Ya san kowane ƙoƙon kai da lanƙwasar ƙahonsa. Ya so ya tsame na uwar, amma sauran ƙasusuwan duk sun cakuɗe, kuraye sun watsa su. Ya kwashi abin da hannunsa ya kai, ya kawo gida ya hura masa wuta.

Da la'asar wutar ta mutu, ƙashi ya yi fari fat. Ya jawo fasasshen turmin, ya yi bisimilla a hankali, ya ɗaga taɓarya.