Aishadon Ranar Litinin

Fatar idon Sharifa maiƙo gare ta, irin wanda in ka taɓa sai yatsanka ya ɗau sheƙi. Ranar Talata na yi mata kwalliyar gwaji a falon uwarta, Hajiya Sailuba mai shagon atamfa a kasuwar Lafiya. A 1987 ne, lokacin da duk yarinyar da ta san kanta sai ta shafa aishado shuɗi, hodar nan mai launi da ake yi wa saman ido. Na shafa mata, ya zauna ɗas. Kafin a kira azahar ya narke, ya tattaru a lanƙwasar idon ya zama zare ɗaya.

Hajiya ta gyara tabarau ta duba.

"Dijatu, ran Asabar da safe za a yi kwalliya, mai hoto kuma sai la'asar. Haka 'yata za ta shiga hoto, kamar an ja mata layi da biro? Na ba ki zuwa Juma'a. In abin ya fi ƙarfinki in aika Jos a ɗauko mini wata."

Amaryata ta farko ke nan. Shekara biyu ina kitso a rumfa ina jiran irin wannan rana. In Hajiya ta aika Jos, kafin yamma matan kasuwa sun ji, ni kuma da kitso sai tsufa ya raba mu.

Amma tsoro bai dame ni kamar wata tambaya ba. Ni ma idona maiƙo ne da shi, nawa aishadon ma haka yake tattarewa kullum, ban da ranar Litinin. Litinin kam tun safe har magariba yana nan daram. Na daɗe da lura, sai yanzu na tsaya na ce, to me Litinin take da shi?

Abu ɗaya na sani: Lahadi a Agyaragu nake kwana wurin Innata, Litinin da sassafe in shigo motar farko. Sai na zargi ruwa. Ina da galan na ruwan rijiyarmu da nake kawowa don sha. Laraba da safe na wanke fuska da shi, na yi kwalliya, na zauna da madubi a cinya. Ƙarfe sha ɗaya zaren ya fito.

Na koma kan basilin. Mu dai in mun yi wanka sai mun mulke fuska da shi har saman ido, ba wanda ya taɓa ce mana a tsallake wani wuri. Na shafa wa idon dama, na bar na hagu, na fita rumfa a haka. Lami, wadda muke kitso tare, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ke, yau kuma ido ɗaya ya je biki, ɗaya yana gida?"

Na hagun ya fi daɗewa da kusan awa guda. Na ji daɗi, na rubuta a raina cewa Sharifa ba za ta ga basilin ba ran Asabar. Amma awa guda ba ta kai mutum la'asar.

Alhamis da yamma na hau motar Agyaragu. Na yi niyya gobe Juma'a in mayar da ita Litinin, in bi kowane mataki ina kallon kaina. Da safe na yi wanka da sabulun salo. Na sha kunu. Na ɗauki jaka. Ban ga komai ba, har zuciyata ta fara karyewa.

Inna tana tsakar gida tana murza sitaci a faranti. Sana'arta ke nan tun kafin a haife ni: ta gurza rogo, ta tace, ta shanya, masu wanki da guga su saya. Hannunta fari fat har gwiwar hannu.

"Ka tsaya in yi maka addu'a," ta ce. Hausar Inna ba ta raba mace da namiji.

Na tsaya ina ɗan ja da baya, kamar yadda na saba. Gaskiya kunyar farin hannun nan nake ji, ni da nake neman a kira ni 'yar birni. Ta ɗaga tafuka ta karanta abin da za ta karanta, ta tofa, ta shafa mini tun daga goshi. Na rufe ido. Manyan yatsunta suka bi ta saman idona, na ji laushin garin.

Na buɗe ido na kama hannunta ina kallo. Kullum a nan nake kakkaɓe fuska da gefen gyale, in je tasha in yi kwalliyata ina jiran mota ta cika. Ashe gyalen ba ya kwashewa duka.

"Inna, sitaci ne! Shi yake shanye maiƙon!"

Ta dubi hannunta, ta dube ni. "To. Kai ka ce sitaci."

Ta cika mini gwangwanin madara. Da hantsi na koma Lafiya, na goge idon Sharifa tas, na ɗora garin kaɗan-kaɗan, na kakkaɓe, sannan na bi da shuɗin. Sai dai kafin in taɓa ta na ji bakina yana motsi da kansa, addu'ar Inna nake yi. Bayan la'asar Hajiya ta gyara tabarau, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce in zo gobe da wuri.

Hoton yana nan a falonsu, shuɗin bai motsa ba. Na yi wa amare fiye da ɗari kwalliya bayan Sharifa. Inna ta rasu shekara huɗu da bikin, yanzu a kasuwa nake sayen sitacin, kuma yana aiki.

Ni mai son gwaji ce, kowa ya sani. Na gwada ruwa, na gwada sabulu, na gwada ido ɗaya da basilin. Sitaci babu addu'a ne kawai ban taɓa gwadawa ba, kuma ba na so in sani.