Akushin da Inuwa Ya Mayar

Shekarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya gama haɗiye fadamun Maradun, wata ƙungiyar agaji ta turo malamin asibiti daga Sudan ya duba mutanen da aka tayar daga garuruwansu. Sunansa Inuwa. Shi ya roƙa a turo shi, kuma ba don son yin allura ba. Ubansa Jatau ɗan ƙasar Maradun ne. Yana saurayi ya bi ayarin masu zuwa Makka a ƙafa, guzuri ya ƙare a Sudan, ya zauna, ya yi aure, ya tsufa. Ƙanwa guda ya baro a gida, Nagode, kuma tun da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa babu sunan da ke bakinsa sai nata.

"Ka nemo ta," ya ce wa ɗansa. "Ka ce mata ban manta ba."

Bizar da aka buga wa Inuwa ta wata uku ce, irin ta masu aikin sa kai. Ba a ƙara ta, kuma mai ita ba ya karɓar ladan aikinsa. Shugaban ƙungiyar ya ƙara wa dokar gishiri: kada a karɓi komai daga hannun waɗanda ake yi wa magani, ko da ƙwan zabo ne. Har ya ba da labarin wani da ya karɓi rago aka kora shi gida kafin ya ci hantar. Inuwa kuwa irin mutanen nan ne da ke kulle ƙofa su dawo su sake taɓa kwaɗon. Ya riƙe maganar kamar karatun allo.

Aka sauke shi a wani ɗaki jikin ɗan asibitin sabon matsuguni, kan tudu mai tsakuwa. Ranar farko duk wanda ya miƙo hannu a yi masa allura sai ya ji tarihi: ni ɗan Jatau ne, ina neman gwaggona Nagode. Mutane suka yi ta dariyar Hausarsa, tsohuwa ce irin ta kakanni, ga Larabci ya yi mata kwalliya.

Washegari bayan azahar wata mace mai suna Taiba ta yi sallama da akushi a kai. Baƙi ne, tsoho, an ɗinke tsagarsa da waya. Ta durƙusa ta jero gaisuwa, gajiyar hanya, mutanen gida, baƙunta, sannan ta tura shi gabansa.

"Ga shi, an ce in kawo maka daga gida."

Ƙanshin man shanu da daddawa ya daki hancinsa har yawunsa ya tsinke. Amma da safen nan ya duba mutane da yawa, sai ya ɗauka gidan wani majinyaci ne ke godiya. Ya tuna mai rago.

"Na gode ƙwarai, amma ki mayar. Doka ta hana ni."

"Doka?" Taiba ta dube shi. "Tuwon ne doka ta hana?"

"Ki yi haƙuri."

Ta ɗauki akushin ko murfinsa ba a ɗaga ba, ta fita ba sallama.

Rashin sani ya fi dare duhu. A ƙasar nan, idan ɗan'uwa ya dawo daga nesa, babba ba ya rugowa ya tarye shi. Tuwo yake aikawa a akushin gida. Baƙo ya ci, ya sa ɗan goro a ciki, ya bi akushin ya je gaisuwa, shi ke nan zumunci ya ɗore. Wanda ya mayar da shi a rufe kuwa ya ce bai san ku ba. Kuma a shekarar nan zukata a kusa suke. Mutanen da jiya suke kyauta da damin dawa yau suna jiran awon gwamnati, to me za su zata in mai farar riga ya ƙi tuwonsu? Jatau ya koya wa ɗansa sunayen fadamu da na mafarauta, ya manta da wannan.

Daga ranar gari ya rufe masa. Ba wanda ya zage shi, ai da ya fi sauƙi. A zo a karɓi magani, a yi godiya, a tafi. A masallaci a ba shi hannu, a tambayi gajiya yadda ya kamata, amma da yamma in maza sun fito da kwanukansu ƙofar gida ana ciyayya, babu mai ce masa bisimilla. Sai ya koma ɗaki ya buɗe gwangwanin kifi ya ci da burodin da ya bushe. Kaɗaici ya dame shi ƙwarai, har ya riƙa jan majinyata da tambayoyin banza don kada su yi saurin tafiya.

In ya ambaci Nagode, amsa ɗaya ce: "Allah shi sa a dace." Ya je Dosara, ya je Garbadu, ya bi rumfunan kasuwar Talata Mafara yana tambaya. Wani lokaci yakan tsaya bakin dam yana kallon kawunan giginyu da suka rage a saman ruwa, bai san wacce ce ta ƙofar gidan ubansa ba. Da ya ga lokaci na ƙurewa ya tafi Sakkwato neman ƙari. Aka ce masa da ladabi irin wannan biza ba a ƙara ta, sai dai ya koma ƙasarsa ya sake nema daga farko.

Ana saura mako guda ya tafi, kurkunu ya kawo Taiba asibiti tana ɗingishi. Ciwo ne da ba ya son gaggawa, kullum sai a naɗe tsutsar kaɗan a jikin tsinke, don haka dole ta zauna gabansa ko ba ta so. Rannan yana naɗi ya ce, kamar mai magana da kansa, zai koma wa tsohonsa hannu wofi, ko ƙofar Nagode bai gani ba.

Taiba ta janye ƙafarta. "Kai Malam, ka ji tsoron Allah! Wa kake nema? Matar da taz zauna tun da hantsi tana tuƙa maka tuwo, ta ranto man shanu, kam mai do mata akushi ko buɗewa ba ka yi ba?"

Tsinken ya faɗi daga hannunsa.

"Ranar ta yi kuka," in ji Taiba. "Tac ce wanda yam mai do akushinta kada kowa ya nuna mashi ƙohwatta. Wa ka tsallake maganar tsohuwa? Ta tahi Damri wurin ɗiyatta."

Bai samu motar Bakura mai bi ta Damri ba sai ana gobe zai bar ƙasar. A Damri aka nuna masa gidan. Ya tarar da wata 'yar tsohuwa kan tabarma tana tsince wake, goshinta sak na Jatau. Ya zube ya yi gaisuwa, ta amsa kamar mai amsa wa mai tallan gishiri.

"Gwaggo," ya ce, "baƙo makaho ne ko da idonsa. Wallahi ban san naki ba ne. Tsoron kada a kore ni kafin in gan ki ya sa na mayar."

Ta daɗe tana tsintar wakenta. Can ta kira 'yarta ta yi mata raɗa. Da aka jima sai ga baƙin akushin nan an dire gabansa. Inuwa ya wanke hannu ya ci, hawaye na sauka cikin miya, bai damu ba.

"Dubi loma," in ji tsohuwar. "Haka Yaya ka yi, kamar ana korar shi." Sai ta fashe da kuka ita ma.

Ya faɗa mata saƙon ubansa. Ta tambaya ko har yanzu Jatau yana tsoron kunama, ko haƙoransa na nan. Ta ce a share wa Inuwa ɗaki, zai zauna har kaka ya ga dangi. Nan ya gaya mata gobe takardarsa ke ƙarewa.

"Takarda ta haihe ka?"

Ta sa aka wanke akushin, ta goge shi da gefen zanenta.

"Na Innarmu ne. Shi kaɗai na ɗauko da ruwa yaz zo. Ka kai ma Yaya ya ci tuwo ciki. Ko shi ma doka ta hana?"

"Ko ta hana," in ji Inuwa, ya karɓa da hannu biyu.

"To aro na ba ka. Kai za ka mai do man shi da ƙahwakka, kuma kada ya zo wohi."

Ta rako shi har bakin hanya tana dogara sanda, tana tsayawa tana hutawa. Ya dubi yadda numfashinta ke fita, ya tuna nisan Sudan da layin masu neman biza, ya ce in sha Allahu. Ita ma ta ce in sha Allahu. Motar ta tashi, akushin na kan cinyarsa, tsohuwar na tsaye inda ya bar ta.