Yaya, Ka Tsaya a Ƙasa

Mu kafintocin rufi ne, ni da ƙanina Auta. Wajen Baba muka koyi sana'ar, kuma da ya rasu abu biyu ya bar mana masu amfani: tsanin katako da ya haɗa da hannunsa, da wata guduma mai baƙar ƙota wadda gumi ya sa ta sheƙi. Dokar gidanmu ita ce, wanda yake hawa ƙololuwar rufi ya buga ƙusar ƙarshe, shi ke riƙe gudumar, shi ke magana da mai aiki, shi ke cewa a yi ko a bari. Tun da aka binne Baba gudumar tana ƙuguna.

Baba yana da yadda yake gwada aikinsa. Kafin a ɗora kwano, sai ya sa wanda ya fi kowa nauyi a cikinmu ya taka katakan da aka gitta, daga wannan ƙarshe har wancan. In katako ya yi ƙara, a ƙara wani a tsakani. Ni ne magwajin, don tun ina saurayi ni ba ƙaramin mutum ba ne. Rufin da ya ɗauke ni, iska sai dai ta gaishe shi ta wuce.

Da muka sayi a-kori-kura sai jiki ya samu wuri. Daga ƙofar gida zuwa kujerar mota, daga kujerar mota zuwa wajen aiki. Shayi na sha da sukari har cokali ya kusa tsayuwa, burodi na ci, nama na ci, lemon kwalba kuwa kamar ruwa. Tumbi ya fito ya yi gaba ya bar ni. In na sunkuya ɗaure takalmi sai na riƙe numfashi.

Ranar da abin ya faru, muna rufin wani gida ne, mai gidan yana tsaye da baƙinsa. Na sa ƙafa a tsanin Baba, na hau, na hau, sai matakala ta karye. Na dawo ƙasa da mazaunai a kan tulin yashi. Ban ji ciwo ba. Gudumar ce ta zame daga ƙuguna ta faɗi gefe.

Auta ya sauko ya ɗauke ta. Na miƙa hannu. Bai ba ni ba.

Ya ce, "Yaya, ka tsaya a ƙasa. Katakon bayin Allah ne, da kuɗinsu suka saya."

Baƙi suka yi dariya. Dogo, wanda yake aiki da mu tun zamanin Baba, ya juya baya yana tari na ƙarya.

Na ce, "Ba ni gudumar."

"Ta mai hawa ce. Ba ni na kafa dokar ba." Ya soke ta a ƙugunsa. "Ka riƙa miƙo mana kwano. Aiki ne shi ma, kuma ƙasa ba ta karyewa."

Yaron da na goya, na share wa majina, na koya wa riƙon zarto. Na miƙa kwano har yamma.

Da na koma gida uwar yara ta ga fuskata ta ce, "Wa ya mutu?"

Na ce, "Ba wanda ya mutu tukuna."

Da safe Auta ya zo da mota ya yi ham. Na fito na wuce ta gabansa na kama hanya.

Ya leƙo ya ce, "Yaya, ina zuwa?"

"Wajen aiki."

"A ƙafa? To tayoyi sun gode."

Ranar farko ban kai gada ba sai da na zauna a kan wani bulo ina haki kamar an koro ni. Cinyoyina sun goge juna har sun ɗaye. Mai faci da ke bakin hanya ya kawo mini ruwa ya ce ko in kira wani. Na ce ya kira wa kansa. Na isa wajen aiki rana ta take, riga ta manne mini a baya, Auta yana sama yana fito.

Ya ce, "Dogo, a ba Yaya kujera. Ka duba ƙafafunta tukuna."

Washegari na sake fita. Na shafa man shafawar uwar yara a cinya, na sayi takalmin kambas. Hanyar ta zama tawa: layin masu walda, mai faci, gada, bayan asibiti inda wani jan kare yake rako ni da haushi har kwana, sai duk inda aiki ya kai mu. In wurin ya yi nisa ƙwarai, sai in sauka daga mota a rabin hanya in ƙarasa. Da yamma haka. Ranar da ba aiki ma sai in fita, don na lura in na huta kwana biyu ƙafa sai ta fara yi mini gardama.

An daɗe tumbin bai san ana yi ba. Ina tafiya, yana nan, yana rawa a gabana kamar yana mini dariya shi ma. Gwiwata ta kumbura, na kwanta, na tashi, na koma. Sai na gane bakina ne yake warware abin da ƙafata ta ɗinka. Na daina lemo. Na rage sukari har shayi ya zama ruwan zafi mai launi. Abincin rana kuwa, uwar yara ta saba cika mini kula har murfi ya ƙi rufuwa. Na so in ce ta rage. Sai wata dabara ta zo mini a kan gada, na ce ta bar shi yadda yake, ta ma ƙara nama.

Da rana na ɗebi kaɗan, na tura wa Auta kular.

"Oga, ci. Mai magana da masu aiki yana bukatar ƙarfi."

Ya kalle ni, ya kalli naman. Auta bai taɓa iya kallon nama ya kau da kai ba. Ya ci. Na sayo masa lemo mai sanyi, na buɗe masa da kaina. Gobe haka, jibi haka. Ya ɗauka na sallama ne, har ya gaya wa Dogo cewa Yaya ya yi hankali.

Shi kuma shugabanci ya yi masa daɗi. Mai guduma ba ya ɗaukar katako. Yana mota yana waya, yana shagon masu kwano yana shan shayi, yana zaune da mai aiki a inuwa. Sai an gama komai ya hau ya buga ƙusar ƙarshe ya sauko. Daga baya ma sai ya riƙa cewa Dogo ya buga, shi zai duba daga baya. Ba ya dubawa.

Wata rana uwar yara tana wanke kular ta ce, "Kai kana ramewa, kula tana dawowa a suɗe. Wa ke cinyewa?"

Na ce, "Ɗan'uwana. Zumunci nake yi."

Ta ce, "Allah ya shirye ka, Baban yara." Amma ba ta rage naman ba. Ita ma ta ji abin da aka faɗa mini.

A farkon wannan lokacin ne muka yi rufin wani gidan burodi, babban zaure mai tsawo, ba silin, ƙasansa buhunan fulawa. Mai shi wata mata ce mai kaifin baki, kowa Uwar Burodi yake ce mata. Ina ƙasa ina kallo Auta yana gitta katako da tazara mai faɗi, inda Baba zai sa uku shi ya sa biyu.

Na ce, "Auta, tazarar nan ta yi yawa. Wa zai taka?"

"Dogo ya taka."

Dogo kuwa in ya tsaya a gefe sai ka ɗauka ƙusa ce. Ya taka daga ƙarshe zuwa ƙarshe, katako bai ce uffan ba.

Auta ya ce, "Ka gani? Dā don kai muke ɓarnar katako. Yanzu ba giwa a sama. Miƙo kwano."

Sau ɗaya na faɗa. Na miƙa kwano.

Damina ta wuce, rani ya wuce. Bel ɗina ya ƙare huda, na sa ƙusa na huda sabuwa, na sake hudawa, har jelarsa ta zagayo baya. Mai faci ya daina kawo mini ruwa, sai dai ya ɗaga hannu. Jan karen ya gaji ya bar ni. Ina isa wajen aiki kafin mota in akwai cunkoso. Ban canza riguna ba, manyan nan na dā nake sawa, kuma wanda yake ganinka kullum ba ya ganin komai. Auta kuwa ya tura kujerar mota baya don sitiyari ya daina taɓa masa ciki. Ya ce kujerar ce ta lalace.

Da ruwan farko na sabuwar damina, iska ta ɗaga kwanon ƙololuwar gidan burodi, ruwa ya zuba a kan fulawa. Da safe Uwar Burodi ta kira mu. Muka tarar da ita a ƙofa, hannu a ƙugu, ma'aikatanta suna janye buhuna, sama kuma ta sake haɗa hadari.

Ta dubi Auta ta ce, "Wanne ne ogan? Kai ne ko? Kai ka ce mini rufin nan sai jikokina sun gaji da shi."

Auta ya ce, "Ƙaramin abu ne, Hajiya. Dogo, hau ka buga."

Na ce, "Ƙololuwa ta mai guduma ce. Ko ka ba Dogo gudumar ne ban sani ba?"

Dogo ya sa hannu a aljihu ya kalli ƙasa.

Auta ya harare ni. Uwar Burodi ta ce, "Ni ban san dokarku ba, amma wanda ya cika mini baki shi zai hau."

Ya hau. Tsanin Baba ya yi ƙara a matakalar da aka gyara, amma ya riƙe. Ya kai bakin rufi yana haki, ya miƙe, ya bi layin ƙusa yadda aka koya mana, don a nan katako yake a ƙarƙashi. Ya yi rabin hanya. Sai muka ji ƙas. Kwano ya lotsa, ƙafarsa ta dama ta nutse har gwiwa, ya faɗi rub da ciki ya baza hannuwa. Daga cikin zauren wani ma'aikaci ya leƙo ya ce ga ƙafar mutum tana lilo a saman fulawa, takalmin ma ya faɗo.

Auta ya yi ƙoƙarin ɗagowa, katakon gefe ya yi ƙara shi ma. Ya koma ya lafe.

"Yaya."

Na yi kamar ban ji ba. Ina kwance igiyar kambas ɗina.

"Yaya, don Allah."

Na cire babbar rigar na ba Dogo, na tsaya daga ni sai singileti. Uwar Burodi ta ce, "Au, wannan ba shi ne mai tumbin nan ba?" Na ce shi ne. Na hau tsanin, ko tari bai yi ba. Na taka layin ƙusa, katakon da aka gitta wa marasa nauyi ya ɗauke ni shiru. Na je kan Auta na tsuguna. Fuskarsa tana manne da kwano, gumi yana ɗiga daga hancinsa.

Ya ce, "Ja ni."

Na sa hannu a ƙugunsa, a ƙarƙashin naman da na tara masa da kular matata, na zaro gudumar. Ƙotar ta zauna a tafina kamar jiya na ajiye ta.

"Yaya, ni za ka fara fitarwa."

"Kada ka motsa. Hadari ya taso, fulawar mutane za ta jiƙe."

Na wuce shi na hau ƙololuwa. Na daidaita kwanon, na buga ƙusa ɗaya bayan ɗaya, ban yi sauri ba. Duk bugu sai rufin ya girgiza, sai in ji Auta yana salati ƙasa-ƙasa. Da na buga ta ƙarshe na zauna na kalli gari. Na hango gada, na hango rumfar mai faci ƙarama kamar akwatin ashana. Sannan na ce Dogo ya miƙo faffaɗan katako. Muka shimfiɗa, muka zare ƙafar, ta ɗan ƙuje a ƙwauri, ba wani abu ba. Auta ya ja ciki a kan katakon har bakin tsani, ya sauka da takalmi ɗaya.

Uwar Burodi ta ɗaga kai ta yi magana da ni, ba da shi ba. Na ce za mu ɗaga kwanon mu ƙara katako a duk tsakani, kuma ba ita za ta sayi katakon ba. Ta ce ramin da ƙafa ta yi fa? Na ce yanzu za a rufe.

Auta ya kama tsani zai sake hawa, wai ya taimaka.

Na ce, "Auta, ka tsaya a ƙasa. Miƙo kwano."

Wannan karon Dogo bai yi tari ba, dariyarsa ya yi a fili.

Da muka ƙara katakon na kira shi sama sau ɗaya. Na ce dokar Baba ce, wanda ya fi kowa nauyi shi ke takawa. Ya taka daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ma'aikatan burodi suna kallo daga ƙasa suna ba shi hanya. Inda katako ya yi ƙara muka ƙara wani. Da ya gama na ce ya sauka.

Bayan kwana biyu ina kan gada da sassafe, guduma a ƙugu, kula a hannu, sai na ji haki a bayana. Na waiga. Auta ne, da sabon kambas fari fat, yana tafe yana buɗa ƙafafu irin na wanda cinyoyinsa suka fara ɗayewa.

Ya ce, "Yaya, jira ni mana."

Na nuna masa bulon da ke gefen hanya, na ce akwai wurin zama, na gwada shi da kaina, yana da ƙarfi. Na gyara riƙon kular na ƙara sauri.