Tsuntsuwar da Ke Bin Bas

Ni na fara ganinta. Kafin waya ta gan ta, kafin masu kwanciya ran Asabar suna murza gilashin waya da ɗan yatsa su gan ta, ni na gan ta da idon nan nawa na hagu, wanda likita ya ce ya gama aiki shekara ashirin da suka wuce. Ina durƙushe a gindin bas mai lamba sha bakwai ina duba iskar taya, sai wata 'yar tsuntsuwa toka-toka ta wuce ta saman kaina da tsinke a baki, ta shige akwatin da ke saman gilashin gaba, inda ake rubuta wa fasinja inda mota ta nufa. Kusurwar akwatin ta fashe tun bara, ƙofar da ta samu ke nan.

Shekara arba'in da ɗaya ina faci a garejin kamfanin bas. Ban taɓa zama a aji ba, rubutun akwatin nan ma ban san me yake cewa ba, amma ko ina gyangyaɗi mota ta shigo zan faɗa maka lambarta da tayar da ke mata ciwo. Taya ta fashe a fuskata sau biyu. Gobarar da ta cinye tsohon gareji, ni ne na ƙarshen fita, kuma da ƙafata na fita. Saboda haka in na ce na ga abu, to na gani.

Direban sha bakwai muna ce masa Shiru, don sai ya yi zuwa uku ya dawo bai ce uffan ba. Kwandastansa kuwa Rediyo, shi ma sunan ba a banza ya same shi ba. Da na ba Shiru labarin tsuntsuwa, sai ya ce ai ya yi kwana biyu yana jin motsinta a saman kansa. Na ce masa ji daban, gani daban, kada ya kawo min raini. Bai musa ba.

Tun daga ranar tuƙinsa ya canza. Ya daina taka birki da ƙarfi, rami kuwa sai ya kewaye shi kamar mai ɗauke da ƙwai, kuma ƙwan yake ɗauke da shi, guda huɗu. Da suka ƙyanƙyashe, uwar ta haddace hanya. Daga gareji zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa asibiti, daga asibiti zuwa tashar jirgin ƙasa, a dawo. Duk inda mota ta tsaya, ko a danja ne, sai ka gan ta ta diro da tsutsa a baki, ta cusa kai, ta fito, ta yi gaba ta jira su a tasha ta gaba. Mijin nata ban san inda ya shiga ba, da ma irinsu suna da yawa.

Ran Laraba Rediyo ya ɗauke ta a waya ya tura wa ƙanwar matarsa. Ran Juma'a da yamma 'yata ta zo ta zauna a hannun kujerata, ta nuna min wani shafi da ke tara wa mutane abubuwan ban dariya da ban mamaki guda goma, na kallon ƙarshen mako. Akwai kyanwar da ke shiga lif ita kaɗai ta sauka a hawa na biyar. Akwai matar da ta tara takalman ƙafar hagu ɗari uku da ta tsinta a bakin titi. Akwai wani da ya koya wa agwagwarsa ɗauko masa safa. Tamu ce ta shida. Na ce wannan cin fuska ne, ina agwagwa ina tsuntsuwar da ta san hanyar asibiti? Abin da ya fi ƙona min rai, daga farko har ƙarshe ba inda aka ambace ni.

Don haka ran Asabar na sa kwat ɗina, na goge takalmi, na zauna a kujerar gaba kusa da Shiru. Na ce yau duniya za ta san wanda ya fara gani.

Tun daga ƙofar gareji muka tarar da mutane. A kasuwa kuwa sai da Rediyo ya sauka yana ture su kafin mota ta samu wurin tsayawa. Kowa ya ɗaga waya sama ya saita akwatin. Wata mata tana watsa ɓurɓushin burodi a kan gilashi, wani ƙato yana dukan jikin mota wai don ta fito, wani ya taka bamba yana neman leƙawa. Waɗanda suka shiga kuma ba sa sauka, sai su yi ta zagaye da mu. Manaja ta bugo wa Shiru waya tana dariya, ta ce tun da ta kama aiki ba ta taɓa ganin sha bakwai ta cika haka ba, ya ci gaba da gashi.

Ni kuwa na samu kasuwa. Na ba wa na kujerar baya labari, na ba wa na tsaye, na ƙara da gobara da fashewar taya don su san da wa suke magana. Sai a zuwa na biyu na lura Shiru ba ya kallon hanya sosai, idonsa na sama. Na bi idonsa. Tsuntsuwar tana can a kan wayar lantarki, tsutsa a baki, tana kaɗa jela. Ta sauko rabin hanya, ta ga hannuwa, ta koma. Cikin mutanen nan duka ba wanda ya gan ta, don ba wanda ya ɗaga kai ya wuce wayarsa.

A asibiti haka. A tashar jirgi haka. Ta bi mu zuwa uku cur ba ta sa wa 'ya'yanta ko ƙwayar abu a baki ba.

Shiru ya kira Manaja ya roƙe ta ya ajiye motar. Ta ce in ya kai ta gareji ma can za su bi shi su cika mata wuri, kuma gaskiyarta. Rediyo ya ce a ciro sheƙar a kai ta kan bishiya. Na ce masa ita uwar ai akwati ta sani, ba bishiya ba, ya rufe mana baki tunda shi ya jawo. Karo na farko ke nan da na ga Rediyo ya mutu ba tare da an cire batir ba.

Wajen ƙarfe ɗaya rana ta take, akwatin kuma ƙarfe ne. Muna tsaye a danja Shiru ya rage ƙarar inji ya karkata kai.

"Baba," ya ce, "da safe murya huɗu nake ji. Yanzu ɗaya."

Na san abin da yini guda ba ci yake yi wa ƙaramin abu.

A tashar jirgi muka tarar da ita kanta mai shafin, wata doguwa mai tabarau, da abin magana a hannu da mai riƙe mata kyamara. Ta ce kai tsaye ake kallonta, mutum dubu goma sha wani abu. Ta ce an gaya mata akwai dattijon da ya fara ganin tsuntsuwar, ina yake? Na miƙe, na gyara kwat. Shekara arba'in da ɗaya ina ƙarƙashin mota ba wanda ya taɓa tambayar ina nake.

Ina saka ƙafa a matakala Shiru ya riƙe min hannun riga. Bai taɓa yi ba.

"Baba, muddin sun yarda tana nan, ba za su tafi ba." Ya sake ni. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Na sauka. Aka buɗa min hanya, aka saita min abin magana a baki. Ta ce in faɗa wa duniya yadda na fara ganinta. Maganar tana bakina, na shirya ta tun daren jiya, har da inda zan tsaya a yi tafi. Na ɗan ɗaga ido. Tsuntsuwar tana kan rufin tasha, tsutsar ta bushe a bakinta.

"'Yata," na ce, "ni na fara ganinta mana, tunda ni na yanka ta."

Ta ce ba ta gane ba.

Na sa hannu a aljihu. Mai faci ba ya rabuwa da guntun tib ɗin taya, ko a kwat ɗin fita kunya. Na ciro na ɗaga wa kyamara. Na ce da irin wannan na yi ta, da almakashi da fenti, na ɗaura mata zaren kamun kifi, Rediyo yana ja ta taga, wayarsa kuma ta ƙara mata gishiri. Na ce tsutsar ma igiyar takalmi ce. Na juya na ce wa Rediyo ko ba haka ba? Ya kalle ni, ya kalli Shiru, ya ce haka ne. Da bakinsa ya samu hanya kuwa sai ya zarce, har ya faɗi launin fentin da shagon da muka sayi zaren.

Wani mai jar hula ya ce shi bai yarda ba, a buɗe akwati. Na ce bismilla, amma ya sani wayar wuta ce tsirara a ciki, ita ta taɓa wurgar da wani makanike har bakin kwata. Ya ce a bar shi, da ma shi tun farko ya ga fiffiken bai yi kama da na gaske ba.

Abin mamaki, ba su sha wahalar yarda ba. Mutanen yanzu ba abin da suke tsoro kamar a ce an yi musu wayo. Nan take kowa ya zama shi ne ya fara ganewa. Mai burodi ta karkaɗe hannu ta ce an ɓata mata Asabar. Wata ta ce tsoho da kai ba kunya. Mai shafin ta juya wa kyamara ta ce masu kallo sun ga yadda ake bankaɗo ƙarya kai tsaye, su danna su tura wa 'yan'uwa. Na tsaya a wurin da guntun roba a hannu ina shan zagi kamar ruwan sama, ni da ko gobara ba ta sa na sunkuyar da kai ba.

Kafin minti ashirin tasha ta koma tasha. Fasinjanmu suka rage saura wata ma'aikaciyar jinya mai barci da wani mai buhun gawayi. Shiru bai tayar da mota ba, ko da yake lokaci ya wuce. Muka zauna mu uku ba mai motsi.

Sai tsuntsuwar ta diro kan madubin gefe. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta fi daɗewa a kan Rediyo. Sannan ta shige.

Da farko murya ɗaya muka ji, siririya. Ta fita ta dawo, ta fita ta dawo. A zuwanta na biyar Shiru ya ɗaga yatsu uku. Ya jira, ya ƙara jira, na huɗun bai ɗagu ba. Ya sa giya muka tafi a hankali.

Manaja ta kira ni ofis ran Litinin ta wanke ni tas, ta ce na mai da kamfani abin dariya. Na ce ta yi haƙuri, tsufa ne. Hoton tonon asirin nawa kuwa ya ninka na tsuntsuwar yawo. 'Yata ta ce a wancan makon ni ne na ɗaya a shafin, na doke wani kare mai hawan keke. Yanzu ko shago na shiga sai in ji ana cewa ga Baba Roba nan.

Ukun sun tashi ran wata Talata da hantsi, a danjar kasuwa, Shiru ya tsaya har wuta ta ba da hannu sau biyu ana ta yi masa ham. Shi ya sa yanzu nake faɗin gaskiya, don ba sauran abin da za a tsorata. To amma duk wanda na gaya wa sai ya yi murmushi ya ce ai ya ga bidiyon, da bakina na amsa.

Shi ke nan. Wanda ya ce ƙarya nake, rumfata tana nan a bayan gareji, hannun dama in ka shigo. Zan ba shi tib sabo fil, in ba shi almakashina, fentin ma ni zan saya. Ya yanka min tsuntsuwar da za ta bi bas daga kasuwa zuwa asibiti da tsutsa a baki. In ta tashi ko taku ɗaya ne, a gabansa zan cinye sauran tib ɗin, ba ruwa.