Inda Ƙidayar Catherine ta Tsaya

Leɓɓan yarinyar ba sa motsi sai in jirgin kaya yana wucewa. Catherine ce ta fara lura, ranar da ta ja ta kasuwar Kafanchan aka tsayar da su a mashigar dogo. Taragu na giftawa, bakin Clara na buɗewa yana rufewa, ba murya. Jirgin na ƙulewa, bakin ya koma ya ɗinke.

Clara jikarta ce, 'yar Edna. Edna ta auri wani direba ɗan Kamaru, ta bi shi, ta rasu a can yarinyar tana goye. Da uban ma ya rasu, danginsa suka ɗoro ta a mota da akwatin ƙarfe guda. Ba ta jin Hausa, ba ta jin yaren uwarta, sai Faransanci. Tun da ta sauka ba ta ce uffan ba. Tuwo loma biyu take yi ta ture kwanon. Wuyanta har ya fara tsawo.

Kumai, ɗan Catherine mai koyarwa a makarantar mishan, shi ya yanke shawara.

“Mama, na yi magana da Fada. Akwai gidan Sistoci a Jos, ɗaya tana jin Faransanci. Ran Asabar zan kai ta.”

“Edna ta shiga mota, ban ƙara ganin ta ba. Yanzu wannan kuma jirgi?”

“Kina so ta mutu a hannunmu? Dubi ƙashin wuyanta, Mama.”

Catherine ta duba.

Kashegari ta sake kai yarinyar bakin dogo, don ko motsin leɓɓan ma ya fi babu. Ƙasimu, tsohon da ke gadin sito, mutumin Nijar da ya yi wa Faransa soja a ƙuruciyarsa, ya daɗe yana kallon su daga kan bencinsa.

“Uwar Malam, jikarki ƙidaya take yi. Taragu take ƙirgawa.”

“Kana jin yaren? To yi mata magana, don Allah!”

Ƙasimu ya miƙe, ya gyara murya, ya daka wa yarinyar wata kalma kamar tsawa. Clara ta shige bayan zanen kakarta.

“Kin gani,” in ji shi. “Nawa na bariki ne. Tsaya, juya, ɗauki bindiga, sai zagi. Sai kuma ƙidaya.”

“Riƙe zaginka. Ba ni ƙidayar.”

Ya ce a soja da ƙafa ake koyon ta. Ta ce ita da furfura ba za ta yi fareti a tasha masu dako suna dariya ba. Ya tambaye ta me hannunta ya saba da shi, ta ce taɓarya. Sai ya miƙa mata sandar gadinsa. Kullum da yamma, in ta bar Clara wurin matar Kumai, takan zo ta tsaya gaban sito tana dukan ƙasa, shi yana ba ta kalma a kan kowane bugu: an, do, turwa, katar, sank, sis, set. Nan kanta yake cika. In ya ɗora mata ta takwas, ta uku sai ta zube.

“Wannan kai naki rariya ne,” in ji Ƙasimu.

“Naka da ya riƙe, me ya ba ka? Gadin buhunan citta.”

Asabar ta same ta a bakwai.

Da hantsi akwatin ƙarfen yana bakin ƙofa, Clara na zaune a kai, Kumai ya sa takalmansa na zuwa coci. Catherine ba ta kalle su ba. Ta mirgino turmi tsakar gida, ta zuba acca. Sa'an nan ta shiga ɗaki ta zaro wata 'yar taɓarya daga cikin jinka, baƙa wuluk don hayaƙi. A gidansu kowace 'ya mace akan sassaƙa mata tata, kuma ranar da ta fara lugude da manya a turmi ɗaya, ranar ake cewa gida ya san ta. Wannan ta Edna ce. Ta goge ta da bakin zane, ta jingina a jikin turmin, ta ɗauki tata babba.

“An!” Taɓarya ta sauka. “Do! Turwa!”

Kan Clara ya ɗago.

“Katar! Sank! Sis! Set!”

Ta tsaya, ta koma farko. Ta sake kaiwa bakwai, ta sake komawa.

“Mama, za mu rasa jirgi,” in ji Kumai a hankali.

Karo na uku da ta ce set, ta ɗaga taɓaryar sama, ta ƙi sauke ta. Tana laluben kalmar Ƙasimu a cikin kanta, babu ko ƙurarta. Gumi na bin haɓarta. Ba ta sauke ba.

“Wit.”

Muryar siririya ce, a shaƙe, kamar ƙyauren da ya daɗe a rufe. Taɓarya ta faɗa turmi, tim!

Catherine ta sake ɗagawa, ta jira.

“Naf,” in ji Clara, tana saukowa daga kan akwatin. Tim! “Dis.”

Yarinyar ta tsaya gaban turmin. Ta dubi 'yar taɓaryar, ta dubi tsohuwar, ta kama da hannu biyu. Bugunta na farko gefe ya sama, acca ta fantsama, kaji suka rugo. Na biyu ya shiga. Daga nan babba ta sauka, ƙarama ta sauka, Clara na jero wasu kalmomi da ko a bakin Ƙasimu Catherine ba ta taɓa ji ba, muryar na ƙara buɗewa. Matar Kumai ta fito daga madafa ta rangaɗa guɗa. Maƙwabta suka leƙo ta kan danga.

“Yesu na!” in ji wata. “Ashe yarinyan yana da baki!”

Can tasha jirgin Jos ya yi kuka. Clara ba ta waiwaya ba. Kumai ya tsaya ɗan lokaci yana sauraron jirgin yana nisa, sa'an nan ya zauna a kan akwatin ya kwance igiyar takalmansa.

Da rana aka dama gwaten accar da yakuwa. Clara ta sha, ta suɗe kwanon da yatsa. Ta miƙa wa kakarta shi, ta ɗaga yatsu biyu.

“Do,” in ji ta.

Wannan kam Catherine ba ta nemi tafinta ba. Ta jawo tukunya.